Dierk Lange da Labarin Bayajida

Wanda duk aka tura hidima ƙasar Daura, ko Baure ne ko Zango ko Mai'aduwa, ba ya daɗewa bai ji labarin Bayajida ba. Yara suna koyonsa tun firamare, rijiyar Kusugu kuma tana nan cikin birnin Daura, baƙi suna zuwa kallonta. Ɗalibin da ya san Littafin Farawa, in ya saurari labarin har ƙarshe, wani abu zai tsaya masa a rai. Uwargida ta ba mijinta baiwa, baiwar ta riga ta haihuwa, daga baya uwargidan ta sami nata ɗan, gadon gidan kuma ya bi ta kan ɗan uwargida. Ai wannan ya yi kama da gidan Ibrahim. Ba mu ne muka fara lura da haka ba. Wani Bajamushe, farfesan tarihi mai suna Dierk Lange, ya kwashe shekaru yana rubutu a kan wannan kamannin, har ya kai ga cewa tushen sarautun Hausa da na Borno daga Gabas ta Tsakiya ta zamanin Tsohon Alkawari ya fito.

Magana irin wannan tana da daɗi a kunnen mai wa'azi, musamman a inda ake kiran bangaskiyarmu baƙuwa. Saboda daɗin nan nata ne ya kamata mu san mutumin da ya faɗe ta, da irin aikin da ya yi kafin ya kai gare ta, da abin da sauran masana suka ce. Faston da ya hau mumbari ya ce "masana sun tabbatar" ya ba da amincinsa jingina ke nan, a cikin masu sauraronsa kuwa akwai malaman makaranta da ɗaliban jami'a waɗanda za su je su bincika.

Mutumin da aikinsa na farko

An haifi Lange a birnin Lübeck, arewacin Jamus, a 1941. A Faris ya yi karatunsa mai zurfi, ya ƙware a Larabci, ya kuma zauna Alƙahira yana ƙara sanin harshen. Daga 1980 zuwa 1985 ya koyar da tarihi a Jami'ar Yamai, sa'an nan ya koma gida ya zama farfesan tarihin Afirka a Jami'ar Bayreuth, inda ya zauna har ya yi ritaya. Sa'ad da UNESCO ta shirya babban tarihin Afirka mai juzu'i takwas, shi ya rubuta babin yankin Tafkin Chadi a juzu'i na 4, a juzu'i na 3 kuma ya yi aiki tare da Bawuro Barkindo na Nijeriya. Ba ɗan koyo muke magana a kansa ba.

Abin da ya fara fito da sunansa wata 'yar takarda ce da wani Bajamushen ya samo tun shekara ɗari da ashirin kafin shi. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a farkon 1851 ya isa Kukawa. A can ya sami kwafin girgam, wato jerin sarakunan Kanem da Borno da aka rubuta da Larabci, wanda ake kira Diwan. Shafuffukansa kaɗan ne. Yana ba da sunan kowane Mai, da sunan ubansa, sau da yawa har da na uwarsa, da shekarun da ya yi a kan gado, da inda ya rasu. Abin da ba ya bayarwa shi ne shekarar da kowanne ya hau.

A nan aikin yake. Dole a samo shekara ɗaya tabbatacciya a yi ta ƙidaya baya daga gare ta. Dole a tuna cewa shekarar Hijira ta gaza ta rana da wajen kwana 11, don haka kowace shekara 33 ana samun rarar shekara guda. Dole a gwada kwafi da kwafi a gane inda alƙalamin mai kwafa ya zame. Sa'an nan a nemi shaida daga waje wadda ba ta dogara da girgam ɗin ba. Irin wannan shaida akwai ta: marubucin Masar al-Qalqashandi ya adana wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barquq wajen 1391, Ibn Khaldun kuma ya ambaci jakadun Kanem da suka kai raƙumin dawa Tunis a 1257. In lissafinka ya ajiye Mai Usman a wani zamanin da ba na Barquq ba, lissafin ne ya karkace. Littafin da Lange ya fitar da Faransanci a 1977 a kan Diwan ya bi wannan hanya ɗaya bayan ɗaya, har yau kuma masu nazarin Borno suna kafa hujja da shi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Littattafan Sarakuna ma haka suke, wane ya yi shekara kaza, a shekara ta kaza ta wane na Yahuza wane na Isra'ila ya hau. Da Edwin Thiele ya zauna daidaita waɗannan lambobi a littafinsa na 1951, turakun da ya ɗaure lissafinsa a kai daga rubuce-rubucen Assuriya suka zo: yaƙin Ƙarƙar na 853 kafin haihuwar Almasihu, inda aka ambaci Ahab, da harajin da Yehu ya biya a 841. Hanyar ɗaya ce. Jerin cikin gida yana ba da tsawon igiya, shaidar waje ita ce turke.

Limamin da ya rubuta rayuwar sarkinsa

Littafi na biyu, na 1987, ya shafi rubuta tarihin rayuwar mutum. Ahmad ɗan Furtu shi ne babban limamin Mai Idris Alauma, kuma a 1576 ya rubuta labarin shekara goma sha biyu na farkon sarautar ubangidansa. Lange ya buga matanin Larabcin, ya fassara shi, ya yi masa sharhi, ya kuma haɗa jerin garuruwan da aka ambata, yana ƙoƙarin gano inda kowanne yake a ƙasa. Bisa lissafinsa Idris Alauma ya yi sarauta daga 1564 zuwa 1596, ba daga 1571 ba kamar yadda aka saba rubutawa.

Ɗan Furtu ya ga abubuwa da yawa da idonsa, wannan shi ne darajarsa. Ta bakinsa muka san labarin 'yan bindigar Turkawa, da masallatan tubali, da kewaye garin Amsaka, da hare-haren da aka kai ƙasar Kano. Amma limamin fada ne, abincinsa daga hannun sarki yake fitowa, manufarsa kuwa ya nuna ubangidansa sarki ne mai adalci mai tsoron Allah. Garin da aka ƙone, a alƙalaminsa, garin 'yan tawaye ne. Mai karatun kirki ba ya jefar da littafin saboda haka, ba ya kuma haɗiye shi ɗungurungum. Yakan tambaya: wa ya rubuta, wa yake ciyar da shi, me ya gani da kansa, me aka gaya masa, me ya yi shiru a kai? Mu da muke rubuta tarihin iyayenmu cikin bangaskiya don ranar jana'iza ko bikin cika shekara hamsin na ikkilisiya, mun san jarabar ɗan Furtu daga ciki.

Daga Borno zuwa Daura

Daga shekarun 1990 hankalin Lange ya karkata zuwa labaran baka da bukukuwan sarauta, na Hausa da na Yarabawa. Ya zo Daura, ya kalli bikin Gani, ya zanta da masu sarauta. Kafin mu ji abin da ya fahimta, bari mu tuna labarin a taƙaice, yadda aka fi ba da shi.

Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya bar gida ya zo Borno, ya auri 'yar sarki, da zama ya ɓaci ya gudu yamma. Ya bar matar a Garun Gabas, ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa, ta ce maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je Kusugu ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce aure yake so. Ta ba shi baiwa, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Ita kuma ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, in aka haɗa da Biram Hausa Bakwai ke nan. Ta wajen Karɓagari aka ce Banza Bakwai suka fito, waɗanda aka fi lissafawa Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nufe, Kwararrafa da Yarabawa.

Lange ya ajiye wannan kusa da Farawa 16 da 21. Sarauniya ita ce Saratu, Bagwariya Hajaratu, Karɓagari Isma'ilu, Bawo Ishaku. Kashe macijin ya gwada shi da tatsuniyoyin Kan'ana da Babila inda wani allah yake kashe dodon ruwa, kamar Ba'al da Marduk. Bikin Gani, wanda ake yi a watan Maulidi, ya ɗauke shi tsohon bikin sabuwar shekara ne da ya riga Musulunci, inda sarki da masu sarauta suke maimaita labarin a aikace. A littafinsa na 2004 a kan tsoffin daulolin Afirka ta Yamma, ya ga hanyar da al'adun suka bi ita ce ta Finikiyawan Afirka ta Arewa da fataucinsu a Sahara. Daga baya ya sauya. A rubuce-rubucensa na 2011 da 2012 ya ce 'yan gudun hijira ne daga daular Assuriya bayan ta rushe, cikinsu har da zuriyar Isra'ilawan da Assuriyawa suka kwashe, suka ƙetaro suka kafa Kanem wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Almasihu. Bagadaza ta labarin, a ganinsa, tana tsaye ne a madadin Nineba, Bayajida kuma tunawa ne da sarkin Assuriya na ƙarshe.

Ɓangaren Assuriya na wannan magana tarihi ne tabbatacce, kuma muna koyar da shi a ajin Tsohon Alkawari. Nineba ta faɗi a 612, abin da annabi Nahum ya yi shela a kai. Ragowar rundunar suka ja da baya zuwa Haran. A 609 Fir'auna Neko ya hau don ya taimake su, Yosiya ya tare shi a Magiddo aka kashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 23 ya nuna. Tambayar ita ce ko akwai igiyar da ta haɗa wannan da rijiyar Kusugu.

Abin da ya hana yawancin masana bin sa

Yawancin masana tarihin Afirka ba su karɓi wannan ɓangare na aikinsa ba, ko da yake suna girmama na farkon. Abin sha'awa shi ne, ma'aunin da za mu gwada shi da shi, shi kansa ya koya mana a 1977: ina turken waje?

Tsakanin faɗuwar Nineba da rubutattun labaran asalin Hausa da muke da su a hannu akwai fiye da shekara 2,400. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa shi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wajen 1812, shi kuwa cewa ya yi Bawo bawan sarkin Borno ne. Wato ko a ƙarni na 19 labarin ba baki ɗaya yake da shi ba, kowane mai ba da shi kuma yana da inda ya dosa. A tsawon waɗannan shekaru dubu biyu da ɗoriya babu wata wasiƙa irin ta Mai Usman, babu allon yumɓu mai rubutun Assuriya da aka tono a ƙasar Hausa ko Borno.

An kuwa yi tono, Jamusawa ma suna cikin waɗanda suka fi yi. Masu binciken Jami'ar Frankfurt tare da Jami'ar Maiduguri sun tone garuruwan Gajiganna, daga baya aka gano Zilum, babban gari mai ganuwa na wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Almasihu. Lange ya ga lokacin ya dace da zuwan baƙinsa. Waɗanda suka yi tonon kuwa sun ga tukwane da kayan aikin da suka ci gaba daga na mutanen da suke wurin tun da. Kusa da mu, a Durɓi ta Kusheyi tsakanin Katsina da Daura, kaburburan da aka tone a 1992 sun fito da kayan alfarma da suka nuna ciniki da ƙasashen Musulmi na arewa a wajen ƙarni na 14. Wannan hulɗa ce ta gaske da waje, amma ta zo kusan shekara dubu biyu bayan Nineba.

Harshe ma bai taimaka ba. Gaskiya ne Hausa tana da dangantaka da Ibrananci da Larabci, domin reshen harsunan Chadi da na Semitik daga babban gida ɗaya suka fito. Sai dai rabuwar ta riga zamanin Ibrahim da dubban shekaru, kuma danganta ɗaya ce Angas da Tangale da Bura suke da ita. Barbarci kuwa ba ma na wannan gidan ba ne. Hujjojin Lange da yawa sun rataya a kan kamannin suna da suna, wannan kuwa tarko ne da muke gargaɗin ɗalibanmu a kai tun ajin fassara na farko. Ga misali namu, ba nasa ba: Daniyel 3 ya ambaci filin Dura a lardin Babila. Daga Dura zuwa Daura harafi ɗaya ne. Kano da Kana ta Galili ma haka, Gaya da Gaza ma haka. In mutum yana da sunaye ɗari a hannun dama da ɗari a hannun hagu, kuma ya yarda wa kansa ya sauya wasali ko ya jefar da baƙi, ba zai rasa goma da suka yi kama ba.

To, kamannin gidan Bayajida da gidan Ibrahim fa? Yana nan, ba mu musa ba. Amma kama tana iya fitowa ta hanya fiye da ɗaya. Labarin Ibrahim da Saratu da Hajara ya shigo ƙasar Hausa a bakin malamai da littattafan ƙissoshin annabawa tun aƙalla ƙarni na 14, lokacin da Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji. Shekara ɗari biyar sun isa labari ya rina wani labari. Ban da haka, kishi tsakanin ɗan uwargida da ɗan ƙwarƙwara a kan gado ba sai an aro shi daga ko'ina ba, babu gidan sarautar da bai san shi ba. Sa'an nan in za a ƙirga inda labaran suka dace, a ƙirga inda suka saɓa. Saratu ba sarauniyar gari ba ce. Ibrahim bai kashe maciji ba. 'Ya'yan Isma'ilu goma sha biyu ne, na Yakubu ma goma sha biyu, a nan kuwa bakwai da bakwai ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa masana na ƙasarmu suke ɗari-ɗari da duk bayanin da ya ce sarauta daga waje ta zo. Turawan mulki irin su H. R. Palmer sun yi ta neman asalin kowace daula a wajen wasu baƙi farare daga gabas ko arewa. Ra'ayin ya samo suna daga Ham ɗan Nuhu, an murɗa Farawa 9 da 10 an gina shi, ƙarshensa kuwa shi ne baƙar fata ba ya iya kafa mulki sai an koya masa. W. K. R. Hallam a 1966 ya danganta Bayajida da Abu Yazid, ɗan tawayen Afirka ta Arewa da ya mutu a 947. Abdullahi Smith a Zariya, a 1970, da almajirinsa Yusufu Bala Usman suka juya tambayar: a nemi asalin birane a noma, da ƙira, da kasuwa, da tsafin duwatsu irin Dala, a cikin ƙasar kanta. Ba mu ce Lange yana da zuciyar Palmer ba. Amma mu da aka taɓa amfani da Littafinmu aka halatta bauta, ya kamata kunnenmu ya fi na kowa saurin jin wannan ƙarar.

Abin da Baure take koya mana

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda jerin sarakuna yake rayuwa. A farkon jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Gidan sarautar ya rabu. Wani reshe ya zauna Zango, wani ya zauna Baure, Fulani kuma suna birni. Aka wayi gari da Daura uku a ƙarni na 19, biyun nan na Haɓe suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Da Turawan Ingila suka zo, a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗauko Malam Musa daga reshen Zango suka mayar da shi birnin Daura, abin da ba su yi a Kano ko Katsina ko Zariya ba. Baure ta koma ƙarƙashin masarautar, kamar yadda take har yau.

M. G. Smith, masanin Jamaika, ya bi wannan tarihi a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura. Mu yi tunani a kan abin da irin wannan rabuwa take yi wa labarin asali. Kowace fada tana da marokanta da makaɗanta, kowace tana buƙatar nuna cewa ita ce magajiyar Bawo ta gaskiya. Sunan da ya ɗaga wani reshe ana rera shi, wanda ya kunyata shi ana tsallakewa. Wannan cikin shekara ɗari ɗaya ne kawai, a zamanin da akwai malamai masu rubutu. A ninka shi sau ashirin da huɗu a ga abin da ake nema mu gaskata. Ga kuma abin murmushi: mutumin da ya kori jikokin Bawo daga Daura, sunansa Isiyaku. In da takardu sun ɓace, wani masani ya zo bayan shekara dubu biyu da hanyar gwada sunaye, da ya rantse Ishaku ne ya dawo karɓar gadonsa.

In mun kai shi mumbari

A ce ma mun rufe ido ga duk wannan, mun ɗauki fassarar Lange mun yi wa'azi da ita a wata ikkilisiya a ƙauyukan Baure. Mu bi ta zuwa ƙarshenta mu ga inda za ta sauke mu. In Bawo ne Ishaku, zuriyar alkawari ita ce gidajen sarautar Hausa Bakwai. In Karɓagari ne Isma'ilu, 'ya'yan baiwa su ne Gwari, da Jukun na Kwararrafa, da Nufawa, da Yarabawa, da mutanen Yawuri. A duba kujerun majami'a ranar Lahadi a ga su wa ke zaune. Mun ɗauki kalmar "banza", wadda tun asali kalmar raini ce ta fada, mun shafa mata man Littafi Mai Tsarki, mun miƙa wa 'yan'uwanmu. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda suke girmama Isma'ilu, su ma ba za su ji daɗin yadda muka raba matsayin ba.

Wa'azin ya kuma saɓa wa abin da Sabon Alkawari yake yi da zuriya. Yahaya Mai Baftisma ya hana masu sauraronsa fakewa da cewa Ibrahim ubansu ne. Bulus a Galatiyawa 3 ya ɗora zama ɗan Ibrahim a kan bangaskiya, a sura ta 4 kuma da ya ɗauki Hajaratu da Saratu misali, alkawari biyu yake nufi, har ya ajiye Urushalima ta zamaninsa, wadda take da jinin Ishaku, a ɓangaren baiwa. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta fara da gargaɗi a kan tatsuniyoyi da jerin asali marasa iyaka, domin gardama suke haifarwa. Bahaushe Kirista ba ya buƙatar kaka daga Nineba kafin ya zama ɗan gida, a cikin ikkilisiya ko a ƙasar Daura. Kakanninsa suna nan suna noma gero tun kafin a gina ganuwa.

Adalci kuma ya hau kanmu game da mutumin. Kada mu ce ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba, kada kuma mu kira shi maƙaryaci. Ya kawo ra'ayi, ya shimfiɗa hujjojinsa a fili inda kowa zai iya gwadawa, 'yan'uwansa masana suka gwada, yawancinsu ba su gamsu ba. In ɗan ikkilisiya ya tambaye mu, wannan jimlar ta isa amsa, mu ƙara masa da cewa aikin mutumin a kan Borno yana nan daram. Bayanin da ya rubuta na abin da ya gani a bikin Gani, wa ya tsaya ina, wa ya riƙe me, zai amfani na baya ko da sun watsar da fassararsa, domin tsofaffin da ya zanta da su ba za su dawo ba.

Wannan ya kawo mu ga aikin da yake hannunmu. Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin yadda ya bi diddigin al'amura daga waɗanda suka gani da ido, kafin ya rubuta su bi da bi. A ƙasar Katsina da Daura akwai tsofaffin da suka san masu bishara na farko, akwai waɗanda iyayensu suka yi jinya a asibitin kutare na Babbar Ruga zamanin SIM, akwai kuma waɗanda suka ji labarin Bayajida ko na sarakunan Baure a wata siga da ba ta cikin littafin firamare. Mai hidimar da zai rubuta waɗannan ya sa sunan mai ba da labarin da garinsa da kwanan wata a kan shafi, ya tambaye shi daga bakin wa ya ji, ya rubuta da kalmomin tsohon ko da sun saɓa wa na wanda ya yi magana jiya. In an ambaci shekara, ya nemi abin ɗaure ta: rajistar baftisma, takardar haraji, shekarar da Sarki Abdurrahman ya rasu a 1966, ko yunwar 1973. Abin da shi kansa yake tsammani game da labarin kuma ya rubuta shi a shafin da ke kallon wancan, da tawada mai wani launi.